Fasahar zare: allurar da ke ta da ƙura a Turai, a Kura kuwa gadon gida ce

Fasahar zare, yadda malaman zane-zane ke amfani da kalmar a yanzu, ita ce aikin da aka yi da zare ko yadi ko auduga ko tsumma ko igiya, ta hanyar saƙa ko ɗinki ko rini ko tufka, wanda ba don sawa a jiki ko lulluɓa aka yi shi ba. Ana rataye shi a bango ne, ko a girke shi a tsakar ɗaki, jama'a su zo su kalla, kowa ya karanta abin da mai aikin ke son faɗa. Allurar da mai wannan fasaha ke riƙewa ita ce dai ta maɗinkin ƙofar gidanku, zaren ma shi ne. Inda suka rabu shi ne niyya, da kuma inda aikin ke ƙarewa. Hular da aka ɗinka a Ringim a kan wani ango take ƙarewa. Aikin mai fasahar zare kuwa a zauren nune-nune yake ƙarewa, da sunan mai shi da shekarar da ya yi shi a rubuce a gefe.

Kalmar ta yi tashe a 'yan shekarun nan. A 2024 cibiyar Barbican ta birnin Landan ta shirya babban nuni kan siyasar da ke cikin tufa, a shekarar kuma baje kolin zane-zane na birnin Venice a Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, ya ba aikin zare fili mai faɗi. Daga irin waɗannan wurare hotunan ke zubowa cikin wayoyinmu. A cikin masu aikin akwai wani rukuni da ake yawan magana a kansu: maza masu neman maza, waɗanda ke amfani da ɗinki da saƙa su yi magana kan rayuwarsu, su kuma tambayi abin da ake nufi da mazantaka. Saurayin da ke zaune a Jahun ko Gwarzo, da hula rabin ɗinki a kan gwiwarsa, in ya ga hoton wani ƙato mai gemu a Amurka riƙe da allura, an rubuta a ƙasa cewa wannan bijirewa ce ga al'ada, dole ya tsaya ya yi tunani. Wace al'ada aka bijire wa? Kakansa ma da allura ya ci abinci har ya aurar da 'ya'ya.

Amsar tana cikin tarihin Turawa. Ɗaruruwan shekaru, a Ingila da Faransa da Amurka, ɗinkin ado shi ne tarbiyyar 'ya mace ta gidan rufin asiri. Ana zaunar da yarinya ta koyi surfani don ta koyi haƙuri da kamun kai da yin shiru. Zane da fenti da sassaƙar dutse su ake ɗauka babbar fasaha, ta maza, ta masu suna. Aikin allura kuwa ana lissafa shi cikin hidimar gida, ba a saye da tsada, ba a tambayar wa ya yi. Ko makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda aka buɗe a 1919 da alkawarin ba za ta bambanta mace da namiji ba, sashen saƙa ta riƙa tura ɗalibanta mata. Daga wannan sashe Anni Albers ta fito, wadda a 1949 gidan adana zane-zanen zamani na New York ya yi wa aikinta nuni ita kaɗai, karo na farko da ya yi wa mai aikin saƙa haka. Mata ne suka fara wannan gwagwarmaya ta a ɗauki zare da daraja, musamman daga 1960 zuwa 1980. Maza masu neman maza sun biyo baya, suka tarar da ƙofa a buɗe. Hujjarsu mai sauƙi ce: tun suna yara ake musu gori da cewa sun cika halin mata, to ga aikin da kuka ce na mata ne, da shi za mu yi magana.

Abin da ya fi komai fito da wannan fili shi ne annobar ƙanjamau. A farkon shekarun 1980 cutar ta yi wa samari masu neman maza kisan kiyashi a biranen Amurka, ana ƙyamar majinyatan, wasu dangi na ƙin karɓar gawa, wasu gidajen shirya jana'iza na ƙin taɓa ta. Mutane da yawa sun tafi ba wanda ya tsaya a kansu. Wani ɗan gwagwarmaya a San Francisco, Cleve Jones, ya kawo shawarar a ɗinka wa kowane mamaci ƙyalle ɗaya mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3, wato gwargwadon kabari, a rubuta sunansa a kai, sannan a harhaɗa su su zama bargo ɗaya. Ranar 11 ga Oktoba 1987 aka fara shimfiɗa shi a babban filin birnin Washington, da ƙyalle 1,920. Yau ƙyallayen sun kai kusan 50,000, nauyin bargon ya haura tan 50. Iyaye mata da abokai da 'yan uwa ne suka ɗinka akasarinsu, suna lilliƙa abin da mamacin ya bari: guntun wandonsa, rigar ƙwallonsa, hoto, wasiƙa. Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan rayuwar mamatan, uwar da ta zauna ta ɗinke sunan ɗanta a kan tsohuwar rigarsa ba ta buƙatar tafinta. Kuma mu ma cutar ba ta bar mu ba; ƙauyuka nawa aka binne mutum ana cewa "ciwon daji ne" ko "sammu ne" don kunyar ambaton sunanta.

A Brazil, mai zane-zane José Leonilson, wanda cutar ƙanjamau ta kashe a 1993, ayyukansa na ƙarshe 'yan ƙananan ƙyallaye ne masu ɗinki karkatacce, kalma biyu ko uku a kai. Da gangan bai gyara layin ba. Maɗinkin kirki na garinmu zai kalla ya ce wannan ai almajirin da ya fara jiya ne, kuma ta fuskar gwaninta bai yi ƙarya ba. A fasahar zare karkacewar ma magana ce.

Wanda aikinsa ya fi kusa da idonmu, a ganina, Nicholas Hlobo ne, ɗan ƙabilar Xhosa ta Afirka ta Kudu, haifaffen 1975. Tiyub ɗin tayar mota yake yankawa, irin baƙar robar nan da muke ɗinka guga da ita, ya haɗa shi da fata, sannan ya ɗinke da ribbon mai sheƙi, ja da ruwan hoda da fari, irin wanda ake ƙawata kayan 'yan mata da shi. Robar tana wakiltar duniyar maza, ta gareji da mota da ƙarfin damtse. Ribbon ɗin na ɗakin mata ne. Shi kuma yana huda ɗaya da ɗaya, ya bar ɗinkin a fili kamar tabon tiyata. Da harshen Xhosa yake raɗa wa ayyukansa suna, yana kuma yawan komawa kan al'adarsu ta kaciya, inda ake kai samari daji a killace su, su dawo a ce sun zama maza. Tambayar da yake yi ita ce: wanda ya shiga dajin, ya sha wuƙar, ya dawo, amma zuciyarsa ba ta karkata ga mata ba, a wane layi zai tsaya? A Amurka kuma akwai Diedrick Brackens, baƙar fata haifaffen jihar Texas a 1989, masaƙi ne na sosai, da kansa yake rina zarensa. Baƙaƙen inuwoyin maza yake saƙawa, wasu na kokawa, wasu na rungume da juna, sau da yawa da tarwaɗa a kusa. Auduga yake zaɓa da saninsa, don ita kakanninsa suka tsinta a gonakin bauta, kuma ya ɗauki darasi daga saƙar ƙwarya-ƙwarya ta Afirka ta Yamma, ta siraran ƙyallaye da ake jerawa a ɗinke. Wato saƙar da ya je nema don ya yi magana kan mazantaka, a inda ta fito, maza ne ke yin ta tun asali.

To mu dawo gida, domin a nan lissafin ke juyewa.

A ƙasar Kano da Jigawa aikin tufa rabe yake tsakanin mata da maza, amma ba irin rabon Turawa ba. Mace ce ke gurzar auduga ta fitar da angurya, ta yi shiɓa, ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa tana kaɗi, ta fitar da abawa mai kauri ko siririn zare. Daga nan zare ya fita waje, ya shiga hannun maza. Duk wanda ya taɓa ganin masaƙa a gindin bishiya ya san tsarin: masaƙi zaune, ƙafafunsa na motsa allera sama da ƙasa, ƙoshiya na kai da komo tsakanin hannayensa, zaren a miƙe can nesa an ɗaure shi da kunkuru mai dutse a kai, wanda ke jawowa a hankali yayin da saƙa ke ci. Abin da ke fita ƙwarya ce siririya, wani lokaci faɗinta bai wuce yatsa ba, kamar ta turkuɗi, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a sami zane ɗaya. Maza ke ɗinkewa. Maza ke kai wa karofi, inda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin marina. Maza ke bugu, su zauna gaban gungume da manyan sanduna suna dukan tufa da garin shuni har ta ɗau ƙyalli. Mata na da tasu saƙar ta cikin gida, ta tsaye, mai faɗi, wadda ake yin gwado da ita, amma tufar kasuwa mai tafiya nesa ta maza ce. Garin Kura ya yi suna da wannan har baƙin rawanin da Buzaye ke naɗawa ake kiransa ɗan Kura. Minjibir ta yi suna da saƙa. Marinar Ƙofar Mata a birni ana danganta kafuwarta da 1498. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta cewa tufar Kano na kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Arzikin ƙasa guda ne aka gina a kan zare, kuma ba wanda ya taɓa ce wa masaƙi ko marini ya rage mazantaka. In ma an raina masaƙi, don talauci ne da ƙasƙancin sana'a a idon masu sarauta, wannan kuwa wata magana ce daban.

Aikin babbar riga ya ma fi haka. Malami ne ke zana ta, da alƙalamin kara da tawada, hannun da ke rubuta allo shi ke fitar da aska biyu ko aska takwas a gaban riga, da tambari, da gidan biyar. Almajirai da gardawa ke bi da allura, da zaren tsamiya ko alharini, wata da watanni a kan riga ɗaya, a zaure ko a inuwar masallaci tsakanin azahar da la'asar. Da shi gardi ke sayen sabulu da takarda. Saboda haka a wurinmu surfani ya tashi ne a jikin karatu, kusa da malanta. Rigar da ta fito kuma ita ce maƙurar shigar namiji: a ɗora ta a kan 'yar ciki, a naɗe hannuwa a kafaɗa, a kawo rawani. Ko tafiyar mutum sai ta canja.

Akwai wanda ya fi ba ni dariya in na tuna. Bargon da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, wanda a Amurka shi ne alamar kaka da jikokinta mata, wanda kuma don wannan laushin nasa ne Cleve Jones ya zaɓe shi, a ƙasar Hausa kayan yaƙi ne. Shi ne lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har gobe 'yan lifida na fitowa a hawan Sallah a Kano da Haɗejia da Gumel da Kazaure, doki da mahayi duk a lulluɓe. Dabarar ɗinkin ɗaya ce, can tana nufin gado da shimfiɗa, nan tana nufin tare kibiya.

Wannan ne ya sa nake ganin wanda ya kwaso fasahar zare irin ta su Hlobo ya dire ta a ƙauyenmu yadda take, ba za ta yi ƙara ba. Ƙarfinta a can daga karya doka yake zuwa, dokar da ta ce namiji ba ya riƙe allura. A nan babu wannan dokar balle a karya ta. Ka je ka sami dattijo mai aikin riga ka ce, "Baba, a Turai fa in namiji ya yi wannan aikin cewa ake ya zama mace," abin da za ka samu bai wuce ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau ba, ya ce, "To, Allah Ya kyauta, yaro, miƙo mini almakashin nan."

Kada kuma a ɗauka mu ba mu da iyaka tsakanin aikin mace da na namiji. Muna da ita, mai tsauri ma, a wani wurin dai aka ja ta. Tamu a bakin murhu take, da turmi, da tukunya, da mazari, da salon magana da karairaya. Shi ya sa mazan da al'adarmu ta daɗe da sanin sun tsallaka layi, wato 'yan daudu, a sana'ar abinci aka fi saninsu: tuwo da miya a tasha, soya kaji a kasuwa, hidimar biki, ɗaura zane, habaici da tafa hannu. Sun daɗe a cikinmu, ana sayen abincinsu ana kuma zaginsu, sau da yawa baki ɗaya ke yin duka biyun. Amma kama da wane ba ta wane. Daudanci magana ce ta hali da sana'a da zama cikin mata, ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba, ba kuma kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba. Masu rubutu daga waje kan haɗa su a kwando ɗaya, mu ma a gida muna yin haka, duka kuskure ne. Haka nan abubuwa da dama da Bature zai karanta a matsayin alama, a nan ba su nufin komai. Abokai maza na tafiya riƙe da hannun juna. Dattijo na sa kwalli ranar Juma'a, ya fesa turare. Saurayin Fulani na zuwa sharo da kitso da duwatsun wuya da madubi a hannu, a ranar da ake gwada jarumtakarsa da bulala.

Matsayin addini da na doka kan neman jinsi a nan ba ɓoyayye ba ne. Musulunci ya haramta, Kiristancin da ake bi a ƙasar nan ma haka. Kano da Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. Saboda haka irin nunin da ake yi a Landan ba abin da za a gani a Dutse ba ne. Sanin abin da aikin ke faɗa kuwa wani abu ne daban da yarda da shi. Ɗalibin zane a Zariya ko a kwalejin ilimi zai haɗu da sunayen nan a karatunsa. Mai sayar da hula ta intanet zai iya cin karo da mai saye daga waje da ke kallon kayansa da wannan idon. Gara ya san me ake nufi. Kuma kada jin wannan bayani ya sa wani ya fara yi wa maɗinkin unguwarsu kallon banza, ko ya ɗauka duk fasahar zare a kan wannan batu take. Abdoulaye Konaté na Mali da yadi yake magana kan yaƙi da ƙanjamau da mulki. Yinka Shonibare, ɗan asalin Nijeriya mazaunin Ingila, da atamfa yake tona tarihin mulkin mallaka, yana tuna wa mutane cewa atamfar da muke kira tamu daga Holan aka fara kawo ta, su ma kwaikwayon rinin Indonesiya suka yi. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka daga 1975 zuwa 2011, da murafen kwalabe da wayar tagulla yake haɗa abin da ke zubowa daga bango tamkar zane.

Ita kanta iyakar tamu ba a tsaye take wuri ɗaya ba, kuma a idonmu ta motsa. Da masaƙun zamani suka zo, irin na Kaduna da aka buɗe a 1957, sannan yadin waje ya cika Kantin Kwari, kaɗi ya mutu a hannun mata, saƙar hannu ta ja baya a hannun maza. Samari suka koma keken ɗinki da injin surfani, wasu suka tafi acaɓa da ci-rani. Allurar hannu ta faɗa cikin gida. Yau ka shiga ƙauyukan Kano da Jigawa bayan an sauke tukunyar rana, matan aure da 'yan mata za ka tarar a tabarma, kowace da farin ƙyalle mai zane a hannu, tana cike gidajen hula ɗaya bayan ɗaya, zare a baki, jariri a cinya. A Zariya har aikin babbar riga mata sun shiga tun wajen shekarun 1970. Ba wanda ya yi taro ya yanke cewa ɗinkin hula ya koma na mata. Ribar ce ta ragu, maza suka saki, mata suka ɗauka. Zane da wanki da guga da kai wa kasuwa, inda kuɗin yake, har yanzu akasari a hannun maza suke. Mace ta yi makonni a kan hula ɗaya, ta aika yaro ya kai wa mai ba da aiki, a ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, hular ta isa birni ko Abuja ta ninka kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In akwai abin da ya kamata mu ɗauka daga wannan fasaha, a nan yake, kan maganar suna. Manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka na ajiye da rigunan Hausa da na Nufawa masu aska takwas, ana haska su da fitila, ana rubuta littattafai a kansu. Takardar da ke gefe takan faɗi ƙabila da yanki da ƙarni, ba kasafai take faɗin wanda ya zana ko wanda ya ɗinka ba, domin waɗanda suka kwaso su ba su tambaya ba. Ƙyallen Leonilson mai karkataccen layi kuwa an san shekarar da ya yi shi da halin da yake ciki. Mai sayar da hula a Facebook ko WhatsApp yau yana iya rubuta garin da aka ɗinka ta, da sunan zanen, da tsawon lokacin da ta ci, in mai ɗinkin da mijinta sun yarda har da sunanta ko laƙabinta. Masu sayen kayan hannu daga waje suna tambayar wannan, suna kuma ƙara kuɗi a kansa. Dillali ne kawai ba zai so ba, don ranar da mai saye ya san ƙauyen da mai ɗinkin, ya san hanyar da zai bi ba tare da shi ba.